Kwalejin Katsina: Ana Cin Albarkacin Sunanta, An Bar Gininta Ga Damina

Duk ranar 15 ga Janairu sai zaurukan taro su cika a garuruwan Arewa, ana tunawa da Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A sha manyan riguna, a naɗa rawuna, a riƙa karɓar lasifika ɗaya bayan ɗaya ana rantsuwa cewa a kan tafarkinsu ake. Jama'a, ku tambayi masu wannan rantsuwa: yaushe rabon ɗayansu da ya taka ya je ya duba ɗakunan da waɗannan bayin Allah suka yi karatu a ciki?

Ɗakunan suna nan a birnin Katsina. Tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ce da aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ginin ƙasa ne, kuma ya haura shekara ɗari a tsaye. Ingancin aikin maginan da suka ɗora shi ne ya kawo shi yau. Masu cin albarkacin sunansa ba su da abin tutiya a nan.

Mun gaji da jin uzuri. Tsofaffin gine-ginen makarantun biranenmu suna lalacewa a gaban idon kowa, kuma akwai masu alhakin hakan. Suna da ofisoshi, suna da albashi, suna da motocin gwamnati. Wasunsu ma da takardar shaidar waɗannan makarantu suka hau kujerun da suke kai.

Kafin wani ya ce ana kururuwa a kan tsohon bango, bari a tuna wa wanda ya manta irin mutanen da suka fito daga cikin bangon nan.

Sardauna Ahmadu Bello ya shiga a 1926, ya fita a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, daga baya ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, ya gama a 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi, ya zama Firaministan Nijeriya. Kashim Ibrahim na Barno, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, nan ya yi karatu. Haka Aliyu Makaman Bida da ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta Arewa, haka Isa Kaita Wazirin Katsina da ya riƙe ta ilimi.

Ko adabinmu na boko, bashin wannan wuri yana wuyansa. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Rupert East ya shirya, littattafai biyar aka zaɓa aka buga. Aƙalla uku daga ciki mutanen wannan kwaleji ne suka rubuta su. Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja ɗalibinta ne, Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar ɗalibinta ne, Malam Bello Kagara mai Ganɗoki kuwa malami ne a cikinta. Imam ɗin nan shi ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, a 1971 aka raɗa mata suna Barewa. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari sun ratsa ta lokacin tana Kaduna. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa sun ratsa ta a Zariya. Makaranta nawa ce a faɗin ƙasar nan za ta iya nuna irin wannan zuriya? To duk wannan zuriya, tushenta shi ne waɗannan ɗakunan ƙasa na Katsina.

Kuma Turawa ba su zaɓi Katsina da ka ba. Sun tarar da birni mai suna a karatu tun ɗaruruwan shekaru. Shaihu Al-Maghili ya bi ta nan a ƙarshen ƙarni na 15. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun yi zamaninsu a nan a ƙarni na 17. Hasumiyar Gobarau tana tsaye tana ba da shaida cewa an yi masallaci da makaranta a wurin tun kafin Bature ya san hanyar Arewa. Kwalejin 1921 a kan wannan tsohon suna aka ɗora ta.

Yanzu mu zo kan ginin kansa, domin a nan ne jahilcin masu ido da takalmi ya fi fitowa fili. Da yawansu idan suka ji an ce ginin ƙasa, sai su ɗauka bukkar talaka ake nufi. Ba su san cewa fasaha ce mai ƙa'idoji, mai sarauta, mai gado daga uba zuwa ɗa ba. Ba banza ba aka yi sarautar Sarkin Magina a biranen Hausa.

Magini yana farawa da zaɓen ƙasa. A haƙo ta, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta ruɓa kwanaki kafin a taɓa ta. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. A jera shi kansa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango ya yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa, domin ya ɗauki nauyin kansa.

Kaurin nan shi ne sirrin sanyin ɗakin. Zafin rana ba ya ratsa bangon sai can da dare, lokacin da gari ya riga ya huce. Da hunturu kuma bangon ya riƙe ɗumi. Yaro zai zauna a aji a tsakiyar watan Afrilu, a gari irin Katsina da ke bakin hamada, ya yi lissafi hankalinsa a kwance, babu fanka, babu janareta.

Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake tsagawa daga itacen giginya saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Inda ɗaki ya fi tsawon azara faɗi, sai magini ya ɗaura baka: ya riƙa jera azara wata a kan wata daga bango biyu, yana ɗaurewa da igiya yana lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a tsakiya. Haka ake samun bakan gizo da ɗaurin guga, haka ake samun tulluwa. Zaure mai faɗi ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiyarsa, ba ƙarfe ko guda.

A kan azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a dandaɓe. Sannan a shafe da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, domin ruwa ya zame. Jikin bango a shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa. A kafa indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da gindin gini. Kowane abu daga cikin gari ya fito, daga marina da majema da gona. Ko ƙusa ba sai an yi odarta daga Ingila ba.

Wannan ita ce fasahar da ta haifi Babban Gwani Mika'ila, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, aikin da masana gine-gine na duniya suke zuwa su yi nazari. A wannan fasaha aka gina Kwalejin Katsina. A cikinta aka gina Gidan Ɗan Hausa na Kano, inda Hanns Vischer ya zauna ya fara makarantar Nasarawa a 1909.

Amma ginin ƙasa yana da sharaɗi guda, kuma kowane ɗan birni ya san shi. Sai an kula da shi duk shekara. Kafin ruwan farko a hau soro a duba, a cire ciyawar da ta tsiro, a toshe tsaga, a share indararo, a sake yaɓe inda ya zaizaye. Aiki ne na 'yan makonni da 'yan magina kaɗan. Idan an yi shi, gini ya ga jikoki da tattaɓa-kunne. Idan an tsallake damina biyu ko uku, ruwa ya shiga rufi, azara ta ruɓe, bango ya jiƙe daga ciki.

Saboda haka duk tsohon ginin makaranta da kuka ga ya zube, kada wani ya gaya muku tsufa ne ya kayar da shi. Wani ne aka ɗora wa aikin dubawa bai duba ba. Wani ne aka kai wa takarda bai sa hannu ba. Wani ne ya ga tsaga ya kau da kai.

Ku zagaya tsofaffin makarantun biranenmu, ku ga abin da ake kira gyara. A bar gini shekara da shekaru ba a waiwaye shi ba. Ranar da aka ji babban baƙo zai zo, ko bikin cika shekaru ya matso, sai a kira ɗan kwangila. Ya zo da buhunan siminti, ya lafta a jikin bangon ƙasa, ya bi da fenti mai walƙiya, a ɗauki hoto, a biya shi.

Kowane tsohon magini zai gaya muku wannan kisa ne. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Idan aka rufe shi da siminti, danshin ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a ciki, simintin ya ɓamɓaro ya taho da naman bangon. Tamkar wanda ya naɗe gyambo da leda ne ya ce ya yi magani. Waɗanda suka ba da kwangilar ba su sani ba ne, ko kuwa sun sani amma kashi goma cikin ɗari ya fi musu gini muhimmanci?

Wani wurin ma ba a tsaya wahalar yaudara. A tura katafila ta rushe tsohon aji, a kafa dogon gini na bulo mai rufin kwano, wanda yara ke gasuwa a ciki da rana, idan ruwa ya sauko kuma muryar malami ta ɓace. Kafin shekara biyar ƙasan ajin ya farfashe, silin ya rufto, tagogi sun zama ramuka. Sai a sake ware wasu kuɗin.

Filayen makarantun ma ba su tsira ba. Wa bai ga yadda ake yanka katangar makaranta ana jera shaguna ba? Filin da yara ke tsere da ƙwallo ya zama fuloti. Lambun makaranta ya zama gareji. Wa ya sa hannu? Wa ya karɓi kuɗi? Ai ba aljanu ne suka zo da dare suka auna filin ba.

Abin da ya sami makarantun shi ne ya sami biranen da suke ciki. Ina ganuwar Katsina? Saura 'yan guntaye. Ganuwar Kano, wadda aka sa cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007, ana ta cin ta da gine-gine da ɗibar ƙasa. Ƙofofin da kakanni suka gina da tubali an rushe su don faɗaɗa titi, aka maye gurbinsu da na siminti, aka ce wai an adana tarihi.

To wane tabbaci muke da shi cewa Kwalejin Katsina ba ta kan wannan layi? An sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1959, kafin a sami 'yancin kai. An kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa a 1979. An mayar da ginin wurin ajiye kayan tarihi. Duk an ji, an gode. Amma ina kasafin yaɓensa na shekara-shekara? Wa ya taɓa ganin an buga shi jama'a sun karanta? Magina nawa ne ke cin albashi a kan kula da shi? Allon da aka kafa a ƙofa ba ya hana rufi yoyo.

Yanzu bari mu bi uzurorin ɗaya bayan ɗaya, tunda an saba jefa mana su.

Na farko, wai babu kuɗi. Haba! Akwai kuɗin sayen jerin motoci duk bayan zaɓe. Akwai kuɗin gina sabon masaukin baƙi da sabuwar ƙofar shiga gari. Akwai kuɗin ɗaukar tawaga zuwa ƙasashen waje. Sai ƙasa da ciyawa da ladan magini ne suka gagara? Abin da ake kashewa a abinci da rumfuna a taron tunawa guda ɗaya ya isa a yi wa tsohon gini yaɓen shekara.

Na biyu, wai ginin Turawan mulkin mallaka ne, me za mu yi da shi? Gaskiya ne Turawa sun kafa kwalejin don biyan bukatarsu. Ɗalibai kaɗan suka riƙa ɗauka, maza zalla, da yawa 'ya'yan masu sarauta da malamai. Babu mai ɓoye wannan. Amma hannun wa ya mulmula tubalin? Giginyar wace ƙasa aka tsaga? Mulkin da ya gina ta, ai da harajin talaka da jangalin makiyayi ya rayu. Ginin namu ne, guminmu ne. Idan ma ana so a koya wa yara irin ƙuntata ilimin da Turawa suka yi wa Arewa, babu ajin da ya fi wannan gini dacewa da darasin.

Kuma abin mamaki, masu wannan magana su ne ke alfahari da sarautun da ɗaliban kwalejin suka riƙe, su ne ke liƙa hoton Sardauna a fostar zaɓe. Yaya za a rungumi ɗa a yi watsi da ɗakin da aka raine shi?

Na uku, wai na Gwamnatin Tarayya ne, in ji jiha. Ita kuma Tarayya ta ce ai a ƙasar jiha yake. Masarauta ta ce ba ta da baitulmali. Ƙaramar hukuma ta ce ba a sakar mata kuɗinta. Kowa ya tura wa wani. Damina kuwa ba ta jiran a gama musayar wasiƙu. Jihar da aka ƙirƙira tun 1987, wadda ta fitar da shugabannin ƙasa biyu a wannan jamhuriya, ba ta da bakin cewa ta rasa wanda zai ji kukanta a Abuja.

Na huɗu, wai ana fama da 'yan bindiga da yunwa, wa ke ta tsohon gini? Babu mai raina bala'in da jama'ar Katsina da Zamfara da Sakkwato ke ciki. Amma sakacin nan ya girmi 'yan bindiga. Tun ana zaman lafiya aka fara shi. Kuma halin da ya sa aka bar makaranta ta zube, shi ne halin da ya sa aka bar ƙauye ba asibiti, aka bar yaro ba aji, har daji ya janye shi. Cuta ɗaya ce, sunanta cin amana.

Na biyar, wai ginin ƙasa ya tsufa, zamani ya wuce shi, hatsari ne ga rayuka. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta mai bene ya rufta a Jos, aka rasa rayuka sama da 20, akasari ɗalibai. Da bulo da siminti aka yi shi. A watan Agusta na 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Darasin a bayyane yake: na ƙasa ko na siminti, gini yana bukatar ido a kansa, kuma ruwan daminar yanzu ba ya sassauta wa kowa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mun shafa?

Masu cewa zamani ya wuce ginin ƙasa su leƙa maƙwabta. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana nan daram, domin duk shekara mutanen gari, yara da manya, suna fitowa su yaɓe shi. A Agadas, tsohon gari da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013.

A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini Bahaushe, Alhaji Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, maimakon a rushe tsohon masallacin ƙasa, sai aka gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa. Mutanen nan sun fi mu arzikin man fetur ne? Sun fi mu yawan jami'o'i? Abin da suka fi mu shi ne sanin darajar abin da ke hannunsu.

Mu kuwa, Nijeriya mai ji da kanta, wurare biyu kacal muke da su a wancan jeri, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Oshogbo. Duk faɗin ƙasar Hausa ta Nijeriya, da ganuwoyinta da fadojinta da makarantunta, babu ko ɗaya. Wa zai karrama abin da masu shi suka wulaƙanta?

Babbar asarar ma ba a jikin bango take ba, tana cikin kawunan tsofaffin magina. Suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yansu sun koma buga bulo ko tuƙa babur, kuma babu mai zarginsu, domin babu mai kiransu aiki. Ranar da na ƙarshe da ya iya ɗaurin baka ya kwanta dama, ko an tara biliyan ba za a sami mai gyara rufin kwalejin ba. Jami'o'inmu da ke yaye masu zanen gini duk shekara, nawa ne daga ɗalibansu suka taɓa zama gaban Sarkin Magina suka ɗauki karatu?

Sai tsofaffin ɗalibai. Barewa, makarantar da ta cika shekara 100 a 2021, ta yaye gwamnoni da ministoci da janar-janar da sarakuna da shugabannin bankuna. Haka Rumfa a Kano, haka Alhudahuda a Zariya, haka sauran tsofaffin Midil na larduna. Akwai 'yan kaɗan da ke ƙoƙari da aljihunsu, Allah ya saka musu. Sauran fa? A zo taron shekara, a ci a sha, a tuna sunan barkwanci na malamai, a watse. 'Ya'yansu suna makarantun kuɗi a Abuja da Landan, shi ya sa yoyon ajin ɗan talaka ba ya hana su barci.

Ku ma jama'ar gari, kada ku ɗauka an wanke ku. Wa ke zuba shara a gindin tsohon bango? Wa ke ɗibar ƙasar ganuwa ya yi yaɓen gidansa? Wa ke sayen shagon da ya san an yanko daga filin makaranta? Uba nawa ne a Katsina ya taɓa kama hannun ɗansa ya kai shi ya ce masa, ga inda Sardauna ya zauna ya koyi karatu? Mutum zai biya kuɗin jirgi ya je Masar ko Turkiyya ya ɗauki hoto a gaban tsohon gini ya sa a Facebook, alhali na bayan gidansa bai taɓa leƙawa ba.

Yaran ma ta ina za su sani? An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu kusan shekara goma kafin a dawo da shi. Wani Bature masanin tarihi, James Hubbard, ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan wannan kwaleji, aka buga a 2000. Mu da muke da ita, ɗan firamare nawa ne aka miƙa wa ko 'yan shafuka da Hausa a kan tarihinta?

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ake nema ba ya da wuya, kuma ba ya bukatar kwamiti mai mutum hamsin.

A ware kuɗin kula da tsohon ginin Kwalejin Katsina da takwarorinsa a cikin kasafin kowace shekara, da sunansu, a fili, yadda kowa zai iya bin sawu. A saki kuɗin da rani, kafin hadari ya haɗu, domin yaɓen da aka yi a watan Agusta asara ne.

A ɗauki maginan gargajiya aiki na dindindin, a ba kowannensu matasa ya koya musu, a biya su albashin da zai riƙe su. A hana ɗan kwangilar da bai san tubali ba taɓa bangon ƙasa. A haramta lafta siminti a kan gine-ginen da doka ta kare, wanda ya yi kuma a hukunta shi.

A auna filayen tsofaffin makarantu, a fitar da taswirarsu, a liƙa a ƙofa. Duk wanda ya ci ko taku ɗaya ya dawo da shi, komai girman rawaninsa ko muƙaminsa. A sa ziyarar waɗannan wurare cikin tsarin karatun kowace makaranta da ke kusa da su.

Sarakuna su yi magana, domin gadon gidajensu ne. Malamai su faɗa a kan mumbari cewa dukiyar jama'a amana ce, kuma za a tambayi wanda aka damƙa wa. 'Yan jarida su je da kyamara kafin damina da bayanta, su nuna wa duniya abin da suka gani. Masu neman ƙuri'a kuma idan suka zo da hoton magabata, a tambaye su abin da suka yi wa makarantar magabatan.

Jama'ar Katsina da na Arewa baki ɗaya, ginin nan naku ne, kuma ba a sake yin irinsa. Ku je ku duba shi da idonku, ku tambayi waɗanda aka ba amanarsa, ku ƙi karɓar uzuri. Idan ya zube a zamaninmu, laifin namu ne duka, amma kaso mafi tsoka yana wuyan waɗanda suke da iko suka ƙi amfani da shi.